Hular Tanki

Saura ƙiris Auta ta fasa rubuta takardar nan. Sau uku tana ɗaukar biro tana ajiyewa, don rabonta da rubutu tun da ta bar aji huɗu, kuma abin da za ta rubuta ɗin kai ƙarar kanta ne.

Ga yadda abin ya faro. Auta tana sayar da shayi da burodi a rumfar gwaggonta, bakin wani fili da ake haƙa harsashin gini. Yayanta ne ke tuƙa katafilar da ke haƙar, wata rawaya mai dogon hannu, wadda yake gogewa da tsumma kowace safiya kafin ya wanke tasa fuskar. Gwaggo takan ce da katafila tana girki, da tuni ya tura a nema masa aurenta.

Da damina ta kama, Yaya ya yi ta mitar ruwan sama yana kwanciya a bakin tankin mai. Auta kuwa dama maganarta ta yini guda ba ta cika cokali. Sai ta samo guntun tamfol da roba, ta ɗinka wa murfin tankin hula, ta kama cif, ko allura ba za ta ratsa ba. Yaya ya yi ta nuna wa leburori, yana cewa duk faɗin ƙasar nan katafilarsa ce kaɗai mai hula.

Bayan kwana biyu katafila ta fara ciwo. Da safe za ta tashi ras. In an yi rabin awa sai muryarta ta dishe, hannun ya riƙa ɗagawa kamar tsohuwa mai ciwon baya, ta yi tari biyu ta mutu.

Aka kira makaniki, wani dattijo da ake ce wa Baba Sifana, mai tabarau ɗaure da waya. Ya jona geji, agogon awon ƙarfin mai, a tiyon mai, suka zuba wa allurar ido tana sauka sannu a hankali. Ya ce mai ne ba ya isowa injin da ƙarfinsa. Ya canza filtar da ke tace mai, ya tsiyaye ruwan da ya kwanta, ya fitar da iskar da ke layi, ya hura tiyo da baki har gemunsa ya koma warin dizal. Ko yaushe kuma sai ya hau ya cire hular, ya buɗe murfi, ya haska cikin tanki da tocila, sannan ya rufe. Yaya na tsaye a ƙasa yana tuna masa a mayar da hula yadda take, ƙanwarsa ce ta ɗinka.

Ana murza makulli sai katafila ta tashi garau. Baba ya ɗaga tafukansa ya ce hannun nan shekara talatin yana taɓa inji, injin ma ya san shi. Bayan rabin awa, shiru. Har leburori suka fara cewa hannun Baba akwai albarka, sai dai ba ya riƙe caji.

A rana ta uku dariya ta ƙare. Injiniya mai kula da aikin ya zo ya ce shi ya gano bakin zaren: wani ne ke surka man, har ya kashe famfon da ke tura wa injin mai, kuma makullin tanki a aljihun mutum ɗaya yake kwana. In gobe da azahar ba a gano wani dalili ba, za a kwance famfon, a kuma nemo wani direba.

Da yamma Yaya ya zauna a bencin rumfa, shayinsa ya huce a gabansa bai kurɓa ba. Auta ta ɗauko gwangwanin madara za ta haɗa wa wani shayi, ta huda gefe ɗaya kawai. Madara ta ɗan zubo, ta koma ɗiga, ta tsaya.

"Ke Auta, gwangwani ma sai ya yi numfashi," in ji Gwaggo. "Ƙara masa huda."

Ta huda ɗaya gefen, madara ta kwararo. Ta tsaya riƙe da gwangwani har kofi ya cika ya tumbatsa. Ta tuna duk sanda Baba ya kwance murfin nan, tankin yakan ja wani dogon numfashi, fuuu, kamar wanda aka saki wuyansa. Ta kuma tuna ɗan ramin da ke saman murfin. Ta gan shi ranar da take awo, ta ɗauka ta nan ruwa ke shiga, har ta ninka roba biyu a daidai wurin don ta kyauta.

Ta yi tunanin ta faki ido ta cire hular ta jefar. Amma in ta yi haka katafila za ta warke, Baba ya ce hannunsa ne, Injiniya kuma ya ci gaba da kallon Yaya da zargi. Tsayawa gaban maza ashirin ta yi bayani kuwa, gara a ce ta ɗauki katafilar a ka. Shi ya sa da gari ya waye ta yago kwalin sukari ta rubuta:

"Baba ina kwana. Tanki ma yana son huda biyu kamar gwangwanin madara. Hular ce ta toshe masa hanci. Ni na ɗinka. Yaya ba shi da laifi."

Ta sa a ƙarƙashin kofin shayin Baba, ta koma bayan Gwaggo tana wanke kofunan da ta riga ta wanke.

Baba ya karanta, ya gyara tabarau, ya sake karantawa. Ya shanye shayinsa tas, sannan ya sa aka kira Injiniya. Aka tada katafila da hularta, aka jira allurar geji ta fara sauka, muryar injin ta dishe. Sai Baba ya hau, ya zare hular, ya sassauta murfin. Fuuu. Allura ta miƙe tsaye kamar an kira sunanta. Daga nan katafila ta yi ta haƙa ba hula har azahar ta gota, ko tari ba ta yi ba.

Injiniya ya sosa ƙeya, ya ce da Yaya ya riƙe makullinsa, sannan ya tambayi Baba yadda aka yi ya gano. Baba ya nuna rumfa da haɓa.

"Babbar makanika ce ta aiko mini da takarda. Ita ta sa ciwon, ita ta kawo maganin. Irinsu a sana'armu ba sa rasa aiki."

Auta ta ja mayafi har kan hanci. Can sai ga Yaya ya shigo rumfa yana juya hular a yatsa. Ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa. Shi kuwa ya karɓi shayinsa, ya gutsuri burodi, ya ce ɗinki dai ya yi kyau, ba inda za a kushe shi.

"Abu ɗaya nake roƙonki, 'yar ƙanwata. In sanyi ya zo, kada ki ɗinka mini hula."

Gwaggo ta yi dariya har sai da ta dafa tebur.

Washegari Auta ta riga kowa isowa rumfa. Ta wanke hular da sabulu, ta shanya ta a jikin tukunyar shayi har ta bushe. Sannan ta ɗauko gwangwanin da suke ajiye ashana, wanda tun farkon damina yake jiƙewa, ta kifa masa ita, ta ja robar ta zauna cif.