Dokin da Sammani Ya Bayar

Sammani malamin gona ne a yankin noman rani na Kura. Kullum yana kan babur, yana bin gefen magudanan ruwa, ya duba tumatir da albasa da alkama, ya gaya wa manoma lokacin ban-ruwa da zuba taki. Wani injiniya ɗan Indiya da ya zo aikin haƙa magudanan ne ya koya masa ces, darar nan ta Turawa mai sarki da sarauniya da dawakai da sojoji. Da injiniyan zai koma gida, sai ya bar masa allon ces ɗin da 'ya'yan wasan. Sammani ya koya wa abokan aikinsa, har aka kai daga Kura zuwa Bunkure babu mai iya cinsa.

A ranin 1985 aka shirya gasa a Kano, abokan suka matsa masa ya je. Ya je kuwa, ya yi ta kayar da 'yan birni har ya kai wasan ƙarshe. Abokin karawarsa wani ɗalibin jami'a ne siriri mai tabarau, sunansa Lukmanu.

Ana tsakiyar wasa Sammani ya ɗauki dokinsa ya jefa cikin sojojin da ke kare sarkin Lukmanu, da gangan, don ya fasa su. Lukmanu ya cinye dokin. 'Yan kallo suka fara ƙus-ƙus. Ba a jima ba farmakin Sammani ya mutu, Lukmanu ya yi amfani da rarar dokin nan ya gama da shi sannu a hankali.

Tun a bakin zauren aka fara yi masa jaje mai ciwo. Wani ya ce, "Malam, ina kai ina kyautar doki a wasan ƙarshe?" A ofis ma haka, har waɗanda shi ya koya musu yadda doki ke tafiya. Sammani bai musa wa kowa ba. Ya naɗe allon ya cusa a ƙarƙashin gado.

Matarsa Zuliha ba ta san kan wasan ba, amma ta san mijinta. Ta ga ya rage cin abinci, ya daina zaman la'asar a ƙofar gida. Ta ce, "Malam, ai na biyu ka zo a duk Kano."

Ya ce, "Da hannuna na ba shi, Zuliha. Shi ne abin da ke cina."

Wata Asabar da hantsi aka yi sallama. Sammani ya fito, sai ga Lukmanu tsaye, ƙafafunsa duk laka, don a ƙasa ya tako daga tasha yana tambayar gidan malamin gona mai ces. Bayan gaisuwa da ruwan sha, Lukmanu ya ce, "Yaya, wasanmu na zo mu duba, in ba za ka damu ba."

Sammani ya so ya ƙi, amma baƙo ne, kuma ya sha hanya. Ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ya jawo allon ya kaɗe shi. Duk su biyun wasan na nan a kansu, suka jera shi tun daga farko har suka iso wurin dokin.

Sammani ya ce, "To ga wautar nan. Sai mu wuce."

Lukmanu ya dafa allon. "A'a Yaya. Wannan ba kuskure ba ne. A duk gasar ba a yi tafiyar da ta kai ta kyau ba. Ni ne na yi kuskure da na ci dokin, don dai na rasa abin yi. Me ka buga bayan nan?"

Sammani ya tura sojan da ke gaban sarkinsa gida ɗaya. "Na buɗe wa sarkina hanyar gudu. Na ga kamar kana shirya mini wani abu."

"Ba abin da nake shiryawa. Mayar da shi, ka kawo sarauniyarka nan."

Sammani ya mayar da sojan, ya kai sarauniya kusa da sarkin Lukmanu. Lukmanu ya kare ta dama, Sammani ya shigo ta hagu. Suka mayar, Lukmanu ya gwada wata kariyar, ita ma ta rushe. Duk inda sarkin ya nufa akwai mai jiransa. Sammani ya janye hannunsa ya zuba wa allon ido.

Can ya ce, "Ashe wasan a hannuna yake."

"A hannunka yake. Tafiya ɗayan nan da ka ba ni ce na samu na dawo da sarauniyata gida."

"Fuskarka na kalla," in ji Sammani a hankali. "Na ga ko gezau ba ka yi ba, sai na ce yaron nan ya ga abin da ban gani ba."

Lukmanu ya yi dariya. "Da ƙarƙashin tebur ka leƙa, da ka ga gwiwoyina suna kaɗawa."

Wani ɗaci ya taso wa Sammani, wanda ya fi na ranar gasar, don yanzu ya san kusancin da ya yi. Amma a ƙarƙashin ɗacin ya ji wani nauyi ya sauka. Idonsa bai yaudare shi ba. Abin da ya hango gaskiya ne, tsoro ne kawai ya riƙe masa hannu.

Ya ce, "Me ya sa ka sha wannan wahala? Kai ka ci, kofin gasar yana ɗakinka."

Lukmanu ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "Kowa sai yabona yake a kan wasan nan, ana cewa ka yi ganganci. Ni kuwa na san abin da ya faru. Ba wanda zan yi maganar da shi ya gane sai kai."

Zuliha ta aiko da shinkafa da wake, da yankakken tumatir da albasa a kai. Ta leƙo ta ga mijinta ya cinye nasa yana gardama a kan wani soja, sai ta ƙaro masa ba tare da ta tambaya ba. Bayan azahar suka dasa sabon wasa, Lukmanu ya sake cinsa, Sammani ya ce a maimaita a ga inda ya karkace.

Da la'asar ya goya baƙon a babur zuwa tasha, da kwandon tumatir da Zuliha ta ce lallai a kai wa mahaifiyarsa. Motar Kano ta cika, ta fara tafiya, sai Lukmanu ya leƙo ta taga yana ɗaga murya: "Yaya! In da ban ci dokin ba fa, na tura sarki lungu?"

Sammani ya tsaya a bakin titi yana lissafi da yatsa a iska, masu tallan rake suna kallonsa. Sannan ya buga babur ya juya gida da sauri.