Baffa a Gefen Karta

Abdulfatah ɗan Gumel ne, kuma shi kansa bai san ranar da ya taɓa ce wa mutum a'a ba. Ya rubuta wata manhaja ta kwamfuta: ka auna ƙirjin bijimi da igiya, ka shigar da tsawon, ta faɗa maka nauyinsa. Don ya burge surukinsa, babban dillalin shanu a kasuwar Maigatari, sai ya raɗa mata suna Awon Baffa. Baffa kuwa bai taɓa ɗaukar mijin 'yarsa Safinatu a matsayin mai sana'a ba. Cewa yake, "Yaron nan mai danne-danne."

Ya aika da manhajar ga masu haɗa tsarin kwamfuta na kyauta. Su kuma suna da doka: a menu, wurin da ake danna manhajoji, kowace manhaja rukuni ɗaya take shiga, ko Ofis, ko Ilimi, ko Kimiyya, ko Wasanni. Abdulfatah ya ga wannan rashin tarbiyya ne. A Gumel in za a raba goron suna, ba a tsallake gida ko da ba a ga maciji da masu shi. Sai ya saka ta a kowane rukuni, kada wani ya ji an raina shi.

Wata mai duba aikin ta rubuto masa cewa ya zaɓi ɗaya. Ya amsa mata da gaisuwa mai tsawo, har da tambayar iyali, amma bai gyara komai ba. Tasa ta gida, wadda ke cikin kowane rukuni, ya ɗora a kwamfutarsa, ya nufi Maigatari ranar kasuwa.

Baffa ya tara dillalai a rumfa. A karo na farko ya ce, "Ga surukina," kuma daɗi ya kusa kashe Abdulfatah. Baffa ya karɓi kwamfutar da kansa, ya kai yatsa, ya danna inda Allah ya nufa. Wasanni ya buɗe. Ga Awon Baffa zaune daram, kafaɗa da kafaɗa da wasan karta, har da hoton zi da kubi.

Ɗantsoho, wanda ya fi kowa baki a kasuwar, ya leƙo ya ce, "Alhaji, ashe ana taɓawa?"

"Ranka ya daɗe, tana cikin Kimiyya ma," in ji Abdulfatah.

"To me ya kawo ni nan?" in ji Baffa.

"Gudun kada su ce an ware su."

"Su wa? Kartar?"

Da yamma Abdulfatah ya gyara, rukuni ɗaya tak, kuma masu tsarin suka karɓa da godiya. Sai dai kasuwa ba ta karɓar gyara. Har 'yan Nijar masu kawo raƙuma yanzu tambaya suke ina rumfar Alhaji Mai Karta.

Da salla Abdulfatah ya je gaisuwa, ya durƙusa a zaure. Baffa ya dubi Safinatu ya ce, "Ki tambayi mai danne-dannen nan, yau kuma ina ya ajiye ni?"