Waƙar da Ba a Miƙa Ba

Kowace Alhamis bayan la'asar, Terhide yakan sauke fasinjansa na ƙarshe a bakin kasuwa, ya juya kekensa mai ƙafa uku zuwa unguwar Akurba, ya ɗauko mahaifiyarsa Mama Mwuese ya kai ta gindin mangwaron da ke bayan tsohuwar firamare. Nan tsofaffin unguwa suke taruwa su yi waƙa. Shekara goma sha ɗaya yana wannan jigila. Da ya sauke ta sai ya koma inuwar katanga ya kishingiɗa a cikin keke, yana tunanin tayar baya da ta suɗe da tarin da ya ƙi barin matarsa. Muryoyinsu na isowa kunnensa, amma bai taɓa tsayawa ya saurara ba.

Ƙungiyar ta girmi kekensa da nisa. An kafa ta ne a shekarar da mutane suka baro gonakinsu ta wajen Assakio saboda tashin hankali, aka zube su a ajujuwan firamaren. Matan unguwa suna kawo musu abinci. Wata rana Mwuese, wadda ta baro kabarin mijinta bai ko bushe ba, ta zauna tana ɓarar gyaɗa tana rera wata waƙa da yarensu na Tibi, tana kiran sunayen mutanen ƙauyensu ɗaya bayan ɗaya. Zuwairatu mai ƙuli-ƙuli, da ta kawo musu kunu, ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta ga waƙar tana neman mai amsawa. Sai ta amsa da Hausa: "Muna nan, muna ji." Sauran mata suka kama. Da ƙura ta lafa, wasu suka koma ƙauye, wasu suka zauna, amma Alhamis ba ta fasa ba. Yanzu su goma sha bakwai ne, masu zuwa coci da masu zuwa masallaci, ƙaraminsu ya haye sittin.

Dokarsu guda ce. Kowace waƙa da mai ita. Mai ita ke ɗauka, ita ke jan baitoci, sauran amshi ne nasu. Ba wanda zai ɗauki waƙar wani matuƙar yana numfashi, sai in shi ya miƙa ta: ya zaɓi magaji, ya koya masa Alhamis uku, sannan ya danƙa masa cakin da yake kaɗawa a gaban kowa. Ba a yarda a ɗauka a waya ba, don a cewarsu waƙar da ta shiga waya ta daina buƙatar mai ita. An sha ce wa Mama Mwuese ta miƙa tata. Takan ce, "Ina za ni da kuke korata?" Sai a yi dariya a wuce.

Mantuwar ta zo mata a hankali, tun damina. Ta fara da ɓatan makulli, ta kai ga tambayar Terhide ko ya dawo daga makaranta. Likita ya ba da ƙwayoyi, ya ce a yi haƙuri da ita, kada a riƙa yi mata gardama.

Ga kuma bikin Doosuur, 'yar Terhide ta fari, saura mako uku. Yarinyar ba ta nemi komai a wurinsa ba sai abu ɗaya.

"Baba, ni dai Mama ta yi min waƙarta ranar. Ta taɓa gaya min sunan kakana yana ciki, har da inda ya tare ruwa da jikinsa. Ina so dangin mijina su ji daga inda na fito."

Ya ce mata an gama. Tun daga ranar tuwo bai ƙara yi masa daɗi ba.

Alhamis ɗin da ta biyo baya bai zauna a keke ba, ya matso ya tsaya bayan benci. Aka yi waƙar Malam Sha'aibu tela, aka yi ta wata tsohuwar malamar asibiti. Da aka zo kan ta Mama Mwuese, Baba Iorchia ya buga ganga sau uku kamar kullum, kowa ya ja numfashi. Ta miƙe da cakinta a hannu, ta gyara ɗankwali, ta buɗe baki. Sai ta tsaya tana kallon ganyen mangwaro. Gangar ta zagayo, ta sake zagayowa. Ta yi murmushi ta zauna.

"Yau ma," in ji Malam Sha'aibu a hankali.

"Yau ma?" Terhide ya dube shi. "Tun yaushe?"

"Sati biyar ke nan. Mun ɗauka ka sani, ai kana nan."

Terhide ya durƙusa gaban Zuwairatu, wadda kowa ke kira Inna yanzu. "Inna, ku taimake ni. Ke kika fi kowa daɗewa da ita. Ki ɗauka ranar bikin, ita ta zauna kusa da ke."

"Da ranta?" Baba Iorchia ya ɗora tafin hannu a kan fatar ganga. "Kana so mu binne ta tana zaune?"

"Baba, ba haka nake nufi ba."

"To me kake nufi? Ta miƙa? Ka ga ta ba wani caki?"

Inna Zuwairatu ta taɓa kafaɗar Terhide. "Tashi, ɗana, ƙasa da sanyi. Ka bar wannan tsohon, shi da ganga duk fata ce. Ko da ya yarda, ni ban iya ba."

"Shekara nawa kina jin ta, Inna?"

"Ina jin ta, amma ba na sauraren kalmomin. Ni Tibi nawa bai wuce gaisuwa da cinikin doya ba. Abin da nake jira shi ne inda muryarta za ta sauka, in shiga. In na tsaya bin magana, amshi ya wuce ni."

Ya juya ga Baba Iorchia, wanda yarensu ɗaya da mahaifiyarsa. Tsohon ya kawar da kai.

"Ni kafaɗarta nake kallo," ya ce. "Kunnen nan ya mutu tun kafin a yi kwaltar Akurba. In ta ɗaga kafaɗa na san baiti ya ƙare."

Terhide ya bi su ɗaya ɗaya. Akwai wasu Tibi huɗu a cikinsu. Ɗaya ta tuna akwai sunan wani rafi. Ɗaya ta ce akwai wata mata mai awaki da yawa. Wani ya rantse ana ambaton Terlumun, mahaifin Terhide, a baiti na uku, wani ya ce a na biyar ne. Kowa ya riƙe nasa amshin da kyau shekara da shekaru, ya bar mata sauran, don haka dokar ta ce, kuma don ba wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa za ta zauna a gabansu waƙar ta tafi.

"Kai fa?" Inna ta tambaye shi, ba da faɗa ba. "Kai ne ɗanta, kana jin yaren."

Ya tuna inuwar katanga.

Ranar Asabar Inna Zuwairatu ta zo gidan da rana, da gyaɗa a ƙwarya. Ta ce wataƙila in hannu ya tuna, baki zai bi. Suka zauna a tabarma suna ɓara, Terhide na maƙale a bakin ƙofa da waya a aljihu, ya kunna ta a ɓoye, kunya na cinsa. Inna ta rera amshin a hankali, ta bar gurbi, ta sake rerawa. Mama Mwuese tana ɓarar gyaɗa da sauri kamar yarinya. Can ta ɗago.

"Baiwar Allah, kina da murya. 'Yar wace unguwa ce ke?"

Inna ta ci gaba da ɓara. "Nan kusa nake, Yaya."

Abin da wayar ta ɗauka ke nan: ƙarar ɓawon gyaɗa ta minti arba'in, da amshi, da wannan tambaya.

Ya je wa Doosuur da maganar, yana kame-kame. Ta ji shi har ƙarshe, ta ce, "To su zo dai, Baba." Ya so ta yi fushi, da ya fi masa sauƙi.

Ranar biki aka kafa kanofi a ƙofar gida, rana tsaka. Tsofaffin suka zo cikin ankonsu na shuɗiyar atamfa da ta koɗe, suka jeru, Mama Mwuese a tsakiya da cakinta. Suka yi waƙa uku, mutane na tafi. Terhide ya zaci a nan za su tsaya. Sai ya ji Baba Iorchia ya buga sau uku.

Ba wanda ya ɗauka. Gangar ta ci gaba ita kaɗai, tsofaffi goma sha shida suna tsaye bakinsu a rufe, idonsu a kan Mama Mwuese. Dangin ango suka fara duban juna. Wani ya je ya taɓa wayar lasifika ko ita ce ta mutu. Daidai inda muryar ta saba sauka, Inna Zuwairatu ta ɗaga hannu, suka shiga gaba ɗaya:

"Muna nan, muna ji."

Suka sake yin shiru. Tsawon kowane baiti yana jikinsu, wani gajere, wani dogo, ba su kuskure ko bugu ɗaya ba. A shiru na uku Terhide ya kasa kunne kamar zai ji sunan ubansa, ya sake kasawa a na biyar. Ganga kawai ya ji, da kukan wani jariri a bayan kanofi. Doosuur ta sunkuyar da kai, mayafinta na motsi.

Sau bakwai suka amsa. Baba Iorchia ya kashe gangar da tafin hannu.

Mama Mwuese ta ajiye caki a cinya ta yi musu tafi sosai. Sannan ta jawo hannun rigar Terhide, ya sunkuyo.

"Waƙar nan da daɗi," ta ce. "Amma mai ita ba ta kyauta ba, ta bar mutane tsaye a rana. A je a kira ta mana."

"To, Mama," ya ce. "Za a kira ta."

Ya ɗauki cakin da ke shirin zamewa daga cinyarta, ya rasa wanda zai ba, sai ya mayar mata a hannu.