Kazar da Ta Tsince Maganar Inna

Daren jiya wani mafarki na yi. Wai ga ni a gidan mahaifiyata, Inna Tabawa, na je gaisuwar Juma'a. Gidan dai shi ne, sai dai rijiyar ta koma kan rufi, hayaƙin murhu kuma yana gangarawa yana shigewa ramin ɓera. Ban ga abin mamaki ba.

Inna ta dama mini fura, ta ce, "Sabi'u, matso in gaya maka yadda muka haɗu da babanka. Yau kaɗai zan faɗa, gobe zan manta."

Na matsa. Sai wayata ta yi tari a aljihu. Na ciro ta, kada ta shaƙe. Ina ta shafa mata fuska, Inna na ta magana, kalmomin suna zubowa daga bakinta kamar dawa, wata farar kaza tana bi tana tsincewa. Ko da na ɗago kai, Inna na cewa, "Shi ya sa har ya rasu bai ƙara cin kabewa ba."

"Saboda me, Inna?"

"Tambayi kaza."

Sai ga mu a kotu. Alƙalin kuwa raƙumi ne. Kansa ya fice ta rufin, don haka gwiwarsa ake yi wa bayani.

Kaza ta ce, "Allah ya gafarta Malam, a ƙasa na tsinci maganar. Mai ita bai zo da kunnuwa ba."

Na shafa kaina, wayam. Ashe kunnuwan suna jikin wayar, tana zaune a benci tana fifita da su.

"Ni ban kira shi ba," in ji wayar. "Tari kawai na yi."

Gwiwar alƙali ta yi dogon tunani. Aka yanke hukunci cewa daga yau, duk wanda ya je gaban uwarsa zai ɗaure wayarsa a ƙofar gida, ya zuba mata dusa. Aka mayar mini da kunnuwana, na dama a hagu.

Sai ga ni a ƙofar Inna. Wayoyin 'yan'uwana duk suna turke, suna harbin iska. Na ɗaure tawa. Ta yi kuka, zuciyata ta karye, amma ban waiwaya ba.

Inna ta miƙo mini ƙwai mai ɗumi. "Kazar ta ji tausayinka. Fasa a hankali."

Na fasa. Muryar Inna ce a ciki, tun tana budurwa, tana dariya har tana sarƙewa. "Ranar kasuwa ce. Ya ɗauko wata ƙatuwar kabewa a ka, ya zo wucewa ta gabana, sai kawai..."

Sai injin markaɗen maƙwabta ya tashi.

Na farka da waya manne a kumatuna. Matata Lantana tana shara, na tambaye ta ko ta san abin da ya haɗa Baba da kabewa.

Ta ce, "Ai ranar Juma'a Inna ta ba da labarin. Kana wurin."