Karan da Bushaib Ya Hana

A ƙauyukan kewayen Sattat, da zarar an girbe alkama, karan da ya rage a gona ya zama na tumakin kowa. Haka kakanni suka bari. In makiyayi ya nemi izini, don ladabi ne kawai.

Bushaib ne ya fara taka wannan al'ada. Shekarun baya ya jingine garmarsa, ya daina huɗa. Injin haya yake kawowa, ya tsaga ƙasa siriri ya zuba iri, karan bara kuwa yana shimfiɗe a kanta kamar tabarma, yana kare ta daga rana da iska. Ya kewaye gonar da ƙaya. Mutanen gari suka samu abin taunawa, don ba abin da suka tsana irin mutum ya yi abin da ubansa bai yi ba. Wanda ya fi kowa tsokana shi ne yayansa Miludi, wanda ya gaji tumakin mahaifinsu lokacin da shi Bushaib ya gaji gonar.

"Ƙanena, ka saya wa gonar bargo mana, tunda sanyi take ji."

"Yi dariyarka, Yaya. Da ƙafarka za ka zo kallo."

Ƙasar kuwa ba ta ba shi kunya ba. Ta yi duhu, ta yi laushi. Ruwan da a da yake kwashe ta ya gangara da ita kwari, yanzu inda ya sauka nan yake nutsewa. Makwarwa ta dawo tana ƙwai a gindin shinge. Bushaib yakan tsugunna ya damƙi ƙasar ya shinshina, har matarsa Fatna ta ce ko 'ya'yansa bai taɓa yi wa irin wannan kallon ba.

Sai fari ya zo. Alkamar maƙwabta ko idon sawu ba ta kai ba ta ƙone. Gonar Bushaib kaɗai ta ba da abin girbi, ita kaɗai ta bar kara.

Wata la'asar Miludi ya shigo, ba tsokana a bakinsa. Fatna ta kawo shayin na'a-na'a.

"Bushaib, tumakin nan ƙasa suke lasa," in ji Miludi. "Buɗe mini gonar, ko na ɗan lokaci ne."

Babban wa yana roƙon abin da al'ada ta riga ta ba shi. Wannan kaɗai ya isa a sunkuyar da kai. Amma Bushaib ya san garken da yunwa ta koro ba ya barin ko tsinke. Za su cinye, su tattake, iskar bazara ta kwashe sauran, wahalar shekaru ta tafi.

"Yaya, in suka shiga, sai dai in sake daga farko. Bari in auna maka hatsin sha'ir ka ba su."

"Sha'ir ɗin naka ina zai kai su? Tumakin Baba ne fa."

"Gonar ma ta Baba ce."

Miludi ya dube shi, ya ajiye kofin bai ko kurɓa ba, ya gyara jallabiyarsa ya fita.

Daga ranar abinci ya daina wuce wa Bushaib. Kukan tumakin yana iso shi har tsakar gida, kullum yana ƙara rauni. Fatna ta zuba masa ido, ranar da ta gaji ta ce, "Ƙasa dai in ta lalace kana iya gyara ta. Yayan naka a ina za ka samo wani?"

Ranar Alhamis da sassafe ya ɗauki sanda ya janye ƙayar bakin gonar, ya buɗe hanya mai faɗi. Zuciyarsa na ciwo, amma ya ji sakayau. Ya nufi gidan Miludi har yana shirya zolayar da zai yi masa.

Garken ba ko tunkiya ɗaya. Miludi na zaune a kan kwamin ruwan da ya kife, yana naɗe igiya.

"Yaya, na buɗe. Ina suke?"

"Kasuwar Laraba. Jiya dillali ya kwashe su a mota." Bai ɗago ba. "Har jikar tsohuwar tunkiyar nan ta Baba, mai baƙin kunne."

"Me ya sa ba ka dawo ka sake yi mini magana ba?"

"In roƙe ka sau biyu?" Miludi ya ƙulla bakin igiyar. "Koma ka rufe, kada na wani su yi maka ɓarna."

Kafin ruwa ya sauka Miludi ya tattara ya koma birnin Kasabalanka wurin ɗansa, yana gadin wani gini. Ba su yi faɗa ba. Da sun yi ma, da ya fi sauƙi.

Damina ta zo da kyau. Gonar ta yi kore shar, mutanen da suka yi dariya suna tsayawa a bakin hanya suna tambayar inda ake samun injin. Bushaib yakan amsa musu a taƙaice. Ya daina shinshinar ƙasa, don baƙin ciki take tuna masa.

Hanyar da ya buɗe a shingen kuwa bai taɓa rufewa ba. Duk girbi yakan tsaya a wurin ya dubi hanyar gidan yayansa, amma ba tunkiyar da ta shigo.