Wutsiyar Kofur

Kafin Uwar Mage ta ankara, karen ya riga ya kama bakin zanenta. Tana tsaye a ƙofar ɗakinta tana share guntayen yadin da suka zubo daga ƙarƙashin keken ɗinki, sai ta ji ana jan ta ta baya. Ta waiwaya, ga Kofur, karen maƙwabcinta Baba Mai Gadi, haƙoransa cikin zanenta, wutsiyarsa tana kaɗawa ƙasa-ƙasa da sauri.

Wutsiyar nan ce ta tsinka mata zuciya. Tun tana yarinya take kiwon mage, har unguwa ta laƙaba mata wannan suna, nata na gaskiya ya ɓace. Ta san idan mage ta fara kaɗa wutsiya, to ranta ya ɓaci, wanda bai janye hannu ba zai sha yaƙushi. Kare kuwa, duk shekarun da suka yi bango ɗaya da tsohon a gidan hayar nan, ba ta taɓa tsayawa ta yi masa kallon tsaf ba. A wurinta wutsiya wutsiya ce.

"Kai! Sake ni, ɗan banza!"

Ta ɗaga tsintsiya ta maka masa a hanci. Kofur ya yi ƙara ya sake ta, ya ruga zuwa ƙofar ubangidansa, ya dawo rabin hanya, ya tsaya yana kallonta yana wani siririn kuka. Ta buga ƙofa ta saka sakata. Akwai rigar da za a zo karɓa da rana, ko hannu ba ta haɗa mata ba, ina ita ina wasa da kare? Ta hau keke ta shiga taka shi, ƙararsa ta cika ɗakin.

Sai da zare ya ƙare ta tsaya. A lokacin ne ta lura da magenta a kan tulin yadi, ta miƙe wuya, ta ƙura wa bango ido, kunnuwanta biyu a tsaye. Uwar Mage ta kasa kunne. Ƙwas. Shiru. Can kuma, ƙwas, a hankali, daga ƙasan bangon. Nan take ta tuna yau ba ta ji rediyon Baba ba, mutumin da tun da ya bar aikin gadi rediyonsa ke tashin gidan nan kowace safiya. Ta fita ko takalmi babu.

Ƙofar Baba a buɗe take kaɗan. Ta tsakanin ta hango tafin ƙafarsa a ƙasa, ba ya motsi. Ta ƙwalla ihu, amma mutanen gida duk sun tafi aiki. Makaniken da ke tsallaken titi ne ya shigo a guje da ƙarfe a hannu, mai shagon kusurwa yana biye da shi, sai 'yan kallo da ba a san inda suka ɓullo ba. Kofur ya ga taro ya ga ƙarfe, ya koma ya tare bakin ƙofa. Gashin bayansa ya miƙe, ya yage baki, gurnani na fitowa daga can cikin ƙirjinsa.

"Karen nan ya haukace," in ji makanike. "Ku matsa in fasa masa kai."

"In ka kuskure fa?" mai shago ya ce daga bayan mutane. "Wallahi sai ya cire maka tsoka."

Makanike ya matsa gaba, karen ya zabura har sai da ya ja da baya. Daga cikin ɗakin ana jin numfashin tsohon, mai nauyi, kamar ana jan buhu a ƙasa. Ga mutum yana mutuwa a gabansu, ga ƙofa a buɗe, amma ba mai iya shiga. Uwar Mage ta ciro waya ta lalubo lambar 'yar Baba, wadda ke aiki a wani gari mai nisa, wadda kuma Uwar Mage ke yi wa ɗinki in ta zo hutu.

"Babanki ya faɗi, karen ya hana mu shiga, za su kashe shi!"

"Anti, don Allah kada a dake shi!" Muryar yarinyar ta fashe. "In aka dake shi cizo zai yi, kuma ba zai bar ƙofar ba. Duba min, ina wutsiyarsa?"

"Ta shige tsakanin ƙafafunsa."

"Kunnuwansa fa?"

"Sun kwanta baya. Sai lasar hanci yake yi. Kin ga, har da hamma, a wannan hali!"

"Tsoro yake ji, Anti, ba hauka ba ne. Haka suke yi in tsoro ya kama su. Gani yake kun zo cutar da Baba."

Uwar Mage ta dubi zanenta. "Ɗazu ya zo ya ja zanena yana kaɗa wutsiya. Na ɗauka cizona zai yi."

"Kiranki ya zo yi. Haka yake jan Baba in yana so ya nuna masa abu." Sai yarinyar ta ce, "Yaushe ne wannan, Anti?"

Tsakanin zuwan karen da yanzu, Uwar Mage ta haɗa hannun riga guda da rabin ɗaya. Yaya za ta faɗi haka? "Ɗazu," ta sake cewa.

Yarinyar ba ta ƙara tambaya ba. Ta ce a kori kowa, a ajiye ƙarfe, mutum ɗaya ya tsaya. Kada ya kalli karen ido cikin ido, kada ya tunkare shi gaba da gaba, ya tsuguna ya ba shi gefe, ya yi magana a hankali.

"Ke za ki yi, Anti. Muryarki ya sani."

"Ni fa na dake shi!"

"Ba shi da kowa a nan sai ke."

Uwar Mage ta juya kan taron kamar za ta cinye su. "Ku fita! Kai kuma maimakon ka tsaya da ƙarfe kamar mai jiran ɓarawo, je ka kawo mota!" Makanike ya jefar da ƙarfen ya fita da gudu, sauran suka ja baya zuwa ƙofar gida suna leƙe.

Ta tsuguna a gefe, ta kafa ido a ƙasa. Duk jikinta yana ce mata ta tashi ta afka ɗakin, kowane numfashin tsohon yana yankar ta, amma dole ta zauna kamar wadda ba ta da abin yi a duniya. Gurnanin bai tsaya ba. Ta matsa kaɗan, ya ƙaru. Ta koma.

"Kofur," ta ce, hawaye na ɗiga a gwiwarta. "Yi haƙuri. Na yi maka laifi, ban sani ba. Ka rama daga baya in ka ga dama, amma yanzu ka bar ni in shiga. Don Allah, ɗan kirki."

Dabara ta ƙare mata, sai ta yi abin da take yi wa baƙuwar mage: ta ɗago kai kaɗan, ta lumshe ido a hankali, ta buɗe, ta kau da fuska. Ko wannan ne, ko muryar, ko kuwa rashin ƙarfen, Allah ne ya sani. Gurnanin ya koma siririn kuka. Kofur ya miƙo wuya ya shinshina yatsun ƙafarta, ya girgiza jiki kamar wanda ya fito daga ruwa, ya juya ya shige ɗaki. Ta bi shi da rarrafe.

Baba yana kwance tsakanin gado da bango, bakinsa ya karkace, butar shayi a kife kusa da shi. A hannunsa mai motsi akwai kofin ƙarfe, shi yake ta buga bango da shi. Ta ɗaga kansa ta ɗora a cinyarta, ta goge masa baki da gefen zane.

"Baba, ga ni. Mota na zuwa, ka daure."

Idonsa ɗaya ya nemo fuskarta. Maganar ta fito a tauna. "Ya... je miki?"

"Ya je, Baba."

"Ni na... aike shi." Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa. "Ba ya... ƙin aike."

Ta kara masa wayar a kunne, muryar 'yarsa na fitowa ƙarama: "Baba, ni ce. Baba, ina tafe yanzu, ka jira ni." Kofur ya kwanta a gefensa yana lasar hannun da ya saki kofin. Yana lasa, yana lasa, sai ya tsaya. Ya shinshina tafin hannun, ya ja da baya, ya zauna. Shi ya riga ta sanin rai ya yi halinsa. Tana cikin kiran "Baba, Baba" ta ji hon ɗin motar makanike a ƙofar gida.

Da la'asar aka kulle ɗakin, mutane suka watse. Mai rigar ta zo, ta ga idon Uwar Mage, ta koma ba ta ce uffan ba. Ita kuwa ta kasa shiga ɗakinta, ta zauna a daɓen baranda ta miƙe ƙafa. Kofur ya daɗe a bakin rufaffiyar ƙofa. Can ya tashi ya tako a hankali, kansa a ƙasa, ya zagaya, ya kwanta ya jingina bayansa da ƙaurinta, fuskarsa tana kallon ƙofar gida.