Man Dizal a Motar Baba

Ranar Asabar mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo ya ja motar Baba. Haka Yaya ya yanke, bai shawarci kowa ba. Ni kuwa na ce sai dai a ja ta da ni a ciki.

Motar ɗaukar kaya ce mai shan fetur, ta girme ni da shekara shida. Tun da Baba ya rasu take hannun Yaya, shekara uku cur, yana zuwa ofis da ita yana jin kunyarta, yana ajiye ta can bayan layi kada abokan aiki su gani. Da ya yi sabuwa sai ya dawo da ita gidan Inna, ya yasar da ita kusa da tankin ruwa, wai ta gama yayi. Ni kuma kaji nake kiwo, ina kai wa shaguna ƙwai, kullum cikin faɗa nake da masu babur da ke fasa min kaya. Ga mota a tsakar gida, a ce a yayyanka ta a ɗora a sikeli? Haba!

Inna ta gaji da hayaniyarmu. Ta ce, "Auta, in ta riƙa kai miki ƙwai tana dawowa da ƙafarta har zuwa Asabar, taki ce. In ta tsaya a hanya, ki bar yayanki ya yi yadda ya ga dama, kada in ƙara jin bakinki."

Na ce na yarda.

Abu na farko, juyen man inji. A ƙarƙashin motar nan na girma, ina miƙa wa Baba sifana lokacin da Yaya yake ɗaki da littafi. Baba bai taɓa zuba mata man injin fetur ba, na injin dizal yake saye, irin na manyan motoci. Yakan ce tsohon inji ya saki jiki, mai kauri yake so, kuma a cikin na dizal akwai abin da ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Sabuwar mota ce ba a yi wa haka. Don haka na tafi shago na ce a ba ni galan na dizal. Mai shagon ya tambaye ni wace mota, na faɗa masa, ya fara min wa'azi. Na ce, "Malam, mai na zo saye, ba karatu ba."

Yaya ya tarar da ni ina tsiyayawa. Ya ɗaga galan ɗin, ya ga hoton tirela a jiki, ya ƙyalƙyale da dariya.

"Auta, kanki ɗaya kuwa? Man dizal a injin fetur? Ai gara ki zuba mata ruwan wanki ki huta."

"Haka Baba yake yi."

"Baba ya yi zamaninsa."

Wallahi maganar nan ta ƙona min rai. Na rufe murfi, na murɗa mukulli, ta tashi bugu ɗaya.

Ranar Alhamis ta kai ni shago bakwai ta dawo da ni, ko tari ba ta yi ba. Na shigo gida ina danna oda da gangan, har Inna ta leƙo ta ce in ji tsoron Allah. Ranar Juma'a da hantsi, ina tsakiyar gada da kiret ashirin na ƙwai a baya, jar fitilar mai ta kama. Nan take na kashe inji, don wannan fitilar ba a yi mata gardama. Na duba geji, mai a cike. Na leƙa ƙasa, babu yoyo. Motoci na ta min oda, wani har da zagi, na rama masa. Ƙarshe wani mai babbar mota ya tausaya, ya ɗaura igiya ya ja ni har ƙofar gida.

Yaya na tsaye a ƙofa kamar an aika masa. Bai yi ihu ba, da ma ihun ya yi. Cewa kawai ya yi, "Na faɗa miki. Kin kashe ta da hannunki." Inna ta dube ni ta ce, "Mun yi magana da ke."

Mun yi magana, gaskiya ne. Amma ban ce zan bari a ɗora wa Baba laifi yana kabari ba.

Asabar da sassafe na shimfiɗa kwali na shige ƙasan mota. Na tsiyaye man, na kwance farantin ƙasan inji, inda mai yake taruwa. Da ya sauko sai da na yi salati. Dauɗa ce baƙa ƙirin, mai danƙo kamar kwalta, kaurinta ya kai yatsa biyu. Rariyar da famfon mai yake zuƙa ta ciki ta toshe ruf, ko allura ba za ta shiga ba. A nan na gane wautata. Man dizal yana da wanki. Baba yana juye mai a kan lokaci, cikin injinsa tas, babu abin da za a wanko. Ni kuwa na ɗauki mai wanki na kwarara a injin da ban san abin da ya ci a shekara uku ba, ya ɓamɓaro komai lokaci guda ya tura wa rariya. Laifina ne, ban musa ba. Amma ba ni na tara dauɗar ba.

Ina fitowa na ga mai ƙarafa ya iso da motarsa, yana warware sarƙa. Yaya na gefensa da fararen kaya. Na ɗauko farantin na dire a gabansa, har ya fantsama masa a takalmi.

"Yaya, sau nawa ka juye mata mai?"

Ya kawar da kai.

"Da kai nake. Shekara uku. Sau nawa?"

"Ana ƙara mata a gidan mai."

"Ƙari na ce ko juye? Ka bar ta tana cin dauɗarta, yanzu ka ce man Baba ne ya kashe ta? Kunya ba ta kama ka ba?"

Inna ta fito tana cewa in sassauta, yayana ne. Mai ƙarafa ya ce shi fa yana da wajen zuwa, za a ja ko ba za a ja ba? Na ce masa ya taɓa ta ya gani.

Yaya ya tsura wa farantin ido. Can ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Ban taɓa buɗe bonet ɗin ba, Auta. Sau ɗaya na gwada, satin da aka binne Baba. Tsummansa na nan a maƙale a gefen batir, yadda ya naɗe shi. Na rufe. Ban ƙara iyawa ba."

Na ga tsumman nan ranar da na yi juye, na goge hannuna da shi, ban kawo komai a raina ba. Tausayinsa ya kama ni sosai, amma ban bari ya gani ba.

Na ce, "Cire rigar nan ka kwanta ka riƙe min faranti. Hannuna biyu ne."

Ya cire. Muka wanke rariya da fetur har haske ya ratsa ta, muka kankare farantin, ya tallabe shi da tafin hannu ina ɗaure noti. Na canja filta. Na ɗauko sabon galan, na dizal dai, na zuba a kan idonsa. Na ba shi mukulli na ce ya tayar, ni ina son in saurari injin daga waje.

Ta tashi. Na kasa kunne, babu ƙwanƙwasa. Na leƙa ta taga: jar fitilar ta yi daƙiƙa biyu, ta mutu.

Mai ƙarafa ya naɗe sarƙarsa yana ƙunƙuni. Inna ta koma ciki. Yaya ya kifa goshi a kan sitiyari, kafaɗunsa na rawa, inji na ta aiki a ƙarƙashinsa. Ban hana shi kukansa ba. Na tsaya a bakin taga da hannuna a miƙe, ina jira ya gama ya ba ni mukullina.